Akushin Kande da Alamar Ɗebewa

Duk wanda ya yi firamare tsakanin Gumel da Sule Tankarkar a shekarun baya, da wuya a ce jan biron Malam Nata'ala bai bi ta kan littafinsa ba. Malamin lissafi ne, amma son gyara bai bar shi ya tsaya a lissafi ba. Ka kawo amsa daidai ka kuskure rubuta sunan garinku, sai ya zagaye sunan da ja ya rage maka maki. Ya hango allon shago an rubuta shi a karkace, sai ya jingine kekensa ya shiga ya gaya wa mai shagon, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Shi dai abin da ya zauna masa a rai shi ne kowane abu yana da sunansa na gaskiya, kuma da shi ya kamata a kira shi.

Wannan hali ya kusa hana shi aure. Yana saurayi ya ga wata yarinya a wurin biki a Gumel, ya tambayi wani abokin aikinsa ko wace ce. Abokin ya ce 'yar Ɗanzomo ce, sunanta na yanka Halimatus Sa'adiyya, amma... Malam bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce sunan yanka ya ishe shi, sauran duk laƙabi ne. Ranar Asabar ya goge keke ya nufi Ɗanzomo, ya bi lungu-lungu yana tambayar gidan su Halimatus Sa'adiyya. Kowa ya tambaya sai ya girgiza kai. Har la'asar ta yi yana gari ɗaya, ga yunwa, ga zufa ta jiƙe masa sabuwar riga. Wata tsohuwa da ke jan ruwa a bakin rijiya ce ta ji tausayinsa.

"Ɗan nan, bar sunan, kwatanta min ita," in ji tsohuwar.

Ya kwatanta: doguwa, mai wushirya, mai saurin dariya.

"Kande kake nufi. Ga gidansu can da ka wuce sau ba adadi."

Bayan an ɗaura aure ma bai daddara ba. Ya dinga kiran ta Halimatu, ita kuwa ko waiwayowa ba ta yi, don tun da aka haife ta bayan jerin maza babu wanda ya taɓa kiran ta haka. Wata rana ya kira har ya ƙosa, ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, in kana so in amsa, kira ni da sunan da aka san ni da shi." Daga ranar ya haƙura. A duk faɗin duniya wannan ne kuskure ɗaya da ya bari ba tare da ya sa masa jan biro ba, kuma Kande ba ta daina tsokanarsa da labarin ba har tsufansu.

Cikin kayan da ta zo da su akwai akushi, baƙi wuluk, na mahaifiyarta ne, ita ma gadonsa ta yi. A ciki Kande ke zuba wa Malam tuwo. An canja shi makaranta zuwa Gagarawa, akushin ya bi su. Aka dawo da shi Gumel, ya dawo. Langa ta zo ta wuce, kula ta zo ta cika gidajen mutane, Kande ta ce tuwon dawa ba ya daɗi sai a itace. Shekarar da aka haifi 'yarsu Rahama, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu, Malam yana sauri zai fita ya taka gefen akushin, ya tsage daga baki har kusan gindi. Ya ce a jefar, zai sayo sabo. Kande ta ɗauko akushin. Ta naɗe shi a zane ta kai wa maƙeri, aka yanko gwangwanin tumatir aka ɗinke tsagar da shi da ƙananan ƙusoshi. Sai aka yi rashin sa'a, ko kuwa sa'a, ragowar rubutun gwangwanin ya fito a jikin facin: T da O da rabin M, kuma a kife.

Ku da kun san Malam kun san abin da haruffa a kife za su yi masa. Kullum aka ajiye masa tuwo sai ya juya akushin, facin ya kalli bango, sannan ya yi bisimilla. Kullum kuma Kande sai ta ajiye shi facin yana kallonsa. Ba su taɓa yin maganar ba. Sama da shekara talatin suna wannan wasa, ita ta ajiye, shi ya juya.

Kande ta rasu bayan an gama girbin gero, shekara biyu da ritayar Malam. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Mutane sun yaba da dauriyarsa a zaman makoki, yana amsa gaisuwa yana gyara wa masu zuwa tabarma. Da aka zo rabon gado, malamai suka kasa kayan ɗakinta, aka fitar wa miji nasa, aka ba Rahama nata, ragowar ya faɗa wa Barau, ƙanin marigayiyar, wanda ke sayar da kayan babur a Maigatari. Malam yana zaune yana kallo aka ɗauki akushin aka ɗora a kan kason Barau. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce a bar masa shi, babu wanda zai musa. Amma dattijo mai furfura ya buɗe baki a gaban surukai da malamai ya roƙi kwanon tuwon matarsa? Kunya ta riƙe masa harshe. Ya sunkuyar da kai, aka ɗaure kaya a bayan babur aka tafi.

Rahama, wadda ke aure a wata unguwa a nan Gumel, ita ta ɗauki nauyin abincinsa. Tana aiko masa a kula mai kyau, tuwo da zafinsa. Ya buɗe, hannunsa ya kai gefen kular zai juya ta, sai ya tuna babu abin juyawa. Ya ci loma biyu ya rufe. Da kular ta yi ta komawa kusan yadda ta zo, Rahama ta zo da kanta ta titsiye shi. Da ƙyar, yana kallon ƙasa, ya gaya mata maganar akushin.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya shiga mota ya je wurin Barau. Barau ya riƙe baki.

"Malam, ai da ka yi magana. Wallahi na zaci tarkace ne. Wani mutumin Damagaram mai sayen tsofaffin kaya ya gani a shago ya ce yana so, na ba shi."

Suka ratsa karar shanu, suka wuce 'yan raƙuma, suka sami mutumin a wata rumfa ya tara tsofaffin turame da faifai da sirdi. Ya saurare su da mutunci, ya ce ya tuna akushin saboda facinsa.

"Malam, ka yi haƙuri, ya riga ya ƙetare," in ji shi. "Ni tarawa nake in aika Yamai. Daga can ake loda su zuwa Turai, a sa su a gwanjon intanet. Ko ni ban san hannun da yake ba yanzu."

Barau ya ce sai haƙuri. Malam kuwa kalma ɗaya ya riƙe ya taho da ita gida: gwanjo. Abin da za a sa a gwanjo ai ana iya taya shi.

Rahama ce ta buɗe masa shafin a wayarsa, don ita ta saba duba jakunkuna da takalma a irin waɗannan wurare. Ta bayyana masa yadda abin yake: mai kaya ya sa hoto da bayani, a ba da 'yan kwanaki, masu so su yi ta tayi, lokaci ya cika a sallama wa wanda tayinsa ya fi. Wani tsohon ɗalibin Malam, Mu'azzam, da ke aikin jinya a Ingila, ya ce duk ranar da aka gan shi a kira shi kawai, shi zai taya ya kuma aiko. Saura nema.

Malam ya gyara tabarau ya rubuta akushi a gurbin bincike. Shafin ya ce bai san wannan ba. Ya ji haushi, amma ya sassauta ya rubuta kwanon itace na Afirka da Turanci. Sai ga kaya sun zubo kamar an kwance bakin buhu, dubbai: kwanonin cin ganye na Turawa, sababbin sassaƙa masu sheƙi, gumaka, cokula masu kan raƙumin dawa. Ya yi ta ja da yatsa har idonsa ya yi ruwa.

"Baba, ba haka ake yi ba," in ji Rahama. "Akwai alamomin da ke tace maka."

Ta nuna masa guda uku. In ka sa kalmomi cikin alamar zance, shafin zai kawo su a jere yadda ka rubuta, ba a warwatse ba. In ka sa su cikin baka biyu ka raba da waƙafi, kana nufin ko wannan ko wancan, duk wanda aka samu a kawo. In kuma ka sa alamar ɗebewa a manne da kalma, duk kayan da ke ɗauke da wannan kalmar za su ɓace daga gabanka.

Tun rasuwar Kande ba a ga fuskar Malam ta saki irin na ranar ba. Baka biyu da ɗebewa, ai gidansa aka zo. Ya ce wa Rahama ashe masu intanet ma sun yi aji uku. Ya zauna ya gina bincikensa yadda yake gina lissafi a allo. Kwanon itace a cikin alamar zance. A baka biyu ya jera Hausa, Nijeriya, Nijar, Afirka. A wani bakan ya sa tsoho, faci, gyara. Sannan ya shiga ɗebewa. Ya ɗebe sabo, dubu suka tafi. Ya ɗebe roba, ya ɗebe gunki, ya ɗebe cokali. Kowace ɗebewa sai tulin ya ragu, shi kuma ya ji kamar ya matso kusa da Kande taku ɗaya.

Abu guda ya rage yana ci masa rai. Yawancin baƙaƙen kwanonin da suka saura, masu su sun rubuta musu Tuareg, wato sunan da Turawa ke kiran Buzaye da shi. Wasu na Buzayen ne da gaske, ya san su, yana ganin su a Maigatari. Amma wasu akusa ne na Hausa ƙiri-ƙiri, irin waɗanda ya ci tuwo a cikinsu tun yana yaro, an laƙaba musu sunan da ba nasu ba don ya fi jan mai saye. Ya rubuta wa mutum biyu saƙo yana yi musu gyara. Ɗaya ya yi godiya bai canja komai ba, ɗayan ko amsa bai ba shi ba.

"Akushin mahaifiyarki ba na Buzaye ba ne," ya ce wa Rahama. "A Ɗanzomo aka sassaƙa shi. Ba zan ɓata idona a kan kayan wasu ba."

Ya sa alamar ɗebewa ya manna mata Tuareg. Da yake shi ba ya aiki rabi da rabi, ya binciko yadda Faransawa ke rubuta kalmar, ita ma ya ɗebe ta. Shafin ya yi fes, saura 'yan kaɗan da mutum zai duba kafin shayinsa ya huce. Rahama ta adana masa binciken, ta saita wayar ta riƙa yin ƙara duk lokacin da sabon kaya ya shigo.

Haka rayuwarsa ta koma. Ya dawo daga masallaci da safe, ya zauna a dakalin ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ya buɗe shafin. Wayar ta yi ƙara yana cikin alwala, sai ya ƙarasa a gurguje. Ya buɗe ya ga na wasu ne, ya ce Allah ya kai mu gobe. Abokan hirarsa suka fara yi masa tsiya, wai Malam ya tsufa ya shiga sahun masu latse-latse. Bai kula su ba. Wani abin mamaki, ya koma cin abinci, don yanzu yana da abin jira. Rani ya wuce, bazara ta wuce, aka yi shuka, gero ya fitar da kai, Malam yana kan dakali.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, Rahama ta kawo masa abinci da kanta. Ta same shi zaune, wayar a kife a kan cinyarsa. Ya ce yana jin tsoron ko an sayar tun kafin su fara nema. Ta ce ai ana iya dubawa, akwai wurin da ake latsawa a ga kayan da aka sallama a 'yan watannin nan. Ta karɓi wayar ta latsa. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu shi. Malam ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, yana nan ke nan bai fito ba.

Rahama ba ta miƙa masa wayar ba. Tana kallon dogon layin da ya rubuta, har ƙarshensa.

"Baba, bari in cire waɗannan biyun na ƙarshe mu gani."

"Me za ki gani? Kayan Buzaye ne."

"Mu mun san ba nasu ba ne. Shi wanda ya sa shi a gwanjon, wa ya gaya masa?"

 Ta goge kalmomin biyu ta sake latsawa. Hotuna suka ƙaru. Ta ja sau ɗaya, ta ja sau biyu, sai yatsanta ya tsaya.

Ga akushin nan, an ɗora shi a kan farin ƙyalle, an shafa masa mai yana ƙyalli yadda bai taɓa yi ba a gidansu. Mai hoton ya juyo da facin gaba, don a wurinsu facin ne abin so. T da O da rabin M, a kife, suna kallon Malam.

A saman hoton an rubuta da Turanci: tsohon kwanon itace na Tuareg, na shan nono, daga Nijar, da gyaran gargajiya. Duk kalmar da Malam ya nema tana ciki. Kwanon itace yana nan, tsoho yana nan, Nijar tana nan, gyara yana nan. Kalma ɗaya ce ta yi yawa, ita ce kuma wadda ya ce kada a nuna masa. A ƙasa an sa ranar da aka sallama, farkon damina. Mako guda ya yi a gwanjo. Mutum ɗaya tak ya taya, babu wanda ya ja da shi. A kowace safiya ta wannan makon Malam yana kan dakalin nan da wayar a hannu, akushin yana bayan ƙofar da shi da kansa ya rufe.

Bai yi salati da ƙarfi ba. Ya karɓi wayar da hannu biyu. Rahama ta ga ya juya ta a hankali, kamar yadda yake juya akushin, amma hoton ya sake juyowa ya daidaita kansa, facin yana kallonsa. A nan ne dauriyar da aka yaba masa a zaman makoki ta ƙare. Ya kife fuskarsa a hannun riga ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka fita da gawar Kande. Rahama ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ita ma tana yi.

Da ya samu magana, cewa ya yi, "Ko sau ɗaya ba a taɓa zuba nono a cikinsa ba." Ya share ido. Sannan ya ce, "Ta gaya min, Rahama. Tun farkon aurenmu ta gaya min."

Mu'azzam ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya rubuta wa mai kayan ya ba shi labarin duka. Mutumin ya amsa da ladabi, ya ce ya ji ba daɗi, amma ba ya ba da sunan mai saye. Zai dai isar da saƙon. Ko ya isar ko bai isar ba, Allah masani. Amsa ba ta zo ba. Bayan ɗan lokaci shafin ya sauke hoton, sai wanda Rahama ta adana a wayar.

Barau ya zo daga Maigatari da sabon akushi, mai kyau, babu tsaga ko ɗaya. Malam ya yi masa godiya sosai, ya sa aka ajiye a kan kabad. Yana nan har yau ba a taɓa zuba komai a ciki ba.

Mutanen unguwa sun ce Malam ya canja. Allon mai shagon da ke kallon gidansa an sake rubuta shi da kuskure har biyu, ya wuce bai tanka ba. Da safe dai har yanzu yana kan dakali, don Mu'azzam ya ce masu tara irin waɗannan kaya wani lokaci sukan gaji su sake sa su a gwanjo. Wataƙila ya faɗa ne don ya kwantar masa da hankali, amma Malam ya riƙe. Sai dai binciken ya gajarce. Babu baka biyu, babu ɗebewa ko ɗaya. Da yatsansa na malamin makaranta yake rubuta kwanon nonon Buzaye, ya zauna ya bi ɗaruruwan hotuna ɗaya bayan ɗaya har rana ta kore shi daga wurin.

Rannan Rahama ta zo da kula ta tsaya a bayansa bai sani ba. Ya gama rubuta kalmar, ya latsa, yana jiran hotuna su buɗe. Ta ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ita ba.

"To, ga shi na kira da sunan da aka san ki da shi," in ji shi. "Saura ki amsa."